Ƙa'idojin sanya tambari da yaɗa bayanai a ayyukan haɗin gwiwa da Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyi

Duk aikin da aka gudanar da kuɗin Tarayyar Turai, ko hanyar keke ce da ta ratsa iyakar Faransa da Jamus, ko rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Afirka ta Yamma, akwai sharaɗin da ke tafiya tare da kuɗin: wajibi ne a sanar da jama'a inda kuɗin suka fito. Sharaɗin yana rubuce a cikin doka da kuma yarjejeniyar da mai karɓar tallafi ke sanya wa hannu, kuma saɓa masa na iya janyo a zabtare wani kaso na tallafin.

Hujjar da Tarayyar ke bayarwa ita ce, kuɗin na masu biyan haraji ne a ƙasashe 27, don haka suna da haƙƙin sanin abin da aka yi da guminsu. Akwai kuma dalili na siyasa da ba a cika faɗa a fili ba. Idan aka gina asibiti ba tare da wata alama ba, wanda ya yanke kyalle ranar buɗewa shi ke kwashe yabon, kuma wannan ɗabi'a ba ta san bambancin Turai da Afirka ba.

Ginshiƙin ƙa'idojin shi ne tambarin Tarayyar: taurari 12 masu ruwan zinare da suka yi da'ira a kan shuɗin fili. Majalisar Ƙasashen Turai, wadda ƙungiya ce daban da Tarayyar, ita ta fara ɗaukar wannan alama a 1955, sannan shugabannin ƙungiyar da daga baya ta zama Tarayyar Turai suka amince da ita a 1985. Yawan taurarin ba shi da alaƙa da yawan ƙasashe mambobi, shi ya sa bai canja ba lokacin da sababbin ƙasashe suka shiga, bai kuma ragu ba da Birtaniya ta fice a 2020.

Dokar da ke tsara amfani da tambarin a zangon kasafin 2021 zuwa 2027 ita ce doka mai lamba 2021/1060, musamman sashe na 46 zuwa na 50 da rataye na tara. Ratayen ya shiga bayani dalla-dalla har ya kai ga abubuwan da mai karatu zai ɗauka ƙanana ne. Dole a rubuta jimlar da ke nuna cewa Tarayyar Turai ce ta ba da kuɗin aikin, ko kuma ta ba da wani ɓangare nasa, a cikakke ba tare da taƙaita sunan Tarayyar ba, a kusa da tambarin. An ƙayyade nau'o'in haruffa takwas da za a iya amfani da su, cikinsu har da Arial da Calibri da Verdana, an hana karkatar da rubutun ko ja masa layi a ƙasa, launinsa kuma ba ya wuce shuɗi ko baƙi ko fari. Ba a yarda a sauya fasalin tambarin ko a cakuɗa shi da wani zane ba. Idan kuma akwai tamburan wasu hukumomi a wuri guda, na Tarayyar ba zai gaza mafi girmansu ba, a tsawo ko a faɗi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda masu tsara fosta suka fi yin tuntuɓe da shi, domin kowace hukuma da ta sa hannu a aiki tana son tambarinta ya fi fitowa.

A zangon da ya gabata, na 2014 zuwa 2020, sai an ambaci sunan asusun da kuɗin suka fito, kamar Asusun Raya Yankuna na Turai. An soke wannan yanzu, bisa la'akari da cewa talaka bai damu da sunayen asusu ba, abin da zai iya riƙewa shi ne suna ɗaya.

Sashe na 50 ya jera abin da ke wuyan mai karɓar tallafi. Zai sanya taƙaitaccen bayanin aikin, da manufarsa da sakamakonsa, a shafinsa na intanet da kafofinsa na sada zumunta idan yana da su. Aikin da ya ƙunshi gini ko sayen kayan aiki, kuma jimillar kuɗinsa ta haura yuro 500,000 a ƙarƙashin asusun raya yankuna, sai an kafa masa allo ko faranti mai ɗorewa a inda jama'a za su gani da zarar an fara aiki. Ayyukan da ba su kai haka ba fosta ta wadatar, amma kada ta gaza girman A3, wato ninki biyu na takardar ofis da aka saba da ita. Idan kuɗin aiki ya zarce yuro miliyan 10, sai an shirya taron wayar da kai tare da gayyatar Hukumar Tarayyar Turai a kan kari. Wanda ya yi burus, kuma bai gyara ba bayan an ja hankalinsa, ana iya soke har kashi 3 cikin 100 na tallafinsa.

Ayyukan haɗin gwiwa tsakanin yankunan ƙasashe daban-daban suna da tasu doka ta musamman, mai lamba 2021/1059, wadda ke kula da shirin Interreg. An fara wannan shiri a 1990 domin garuruwa da jami'o'i da asibitocin da iyaka ta raba su riƙa aiki tare, kuma a wannan zango an ware masa kimanin yuro biliyan takwas. Sashe na 36 na dokar ya wajabta rubuta kalmar Interreg a gefen tambarin Tarayyar. Ya kuma rage ma'aunan: allo mai ɗorewa ya zama dole daga abin da ya haura yuro 100,000, taron wayar da kai kuma daga yuro miliyan biyar. Hukuncin ya ɗan sassauta zuwa kashi 2 cikin 100, amma a aikin da ya samu tallafin yuro miliyan ɗaya, hakan na nufin asarar da za ta iya kai yuro 20,000 saboda allon da bai ci ko kusa da haka ba.

Matsalar da Interreg ya daɗe yana fama da ita ita ce yawan tambura. Aiki guda na iya haɗa abokan hulɗa goma daga ƙasashe biyar, kowanne da tambarinsa, ga na ma'aikatar da ta ba da nata kason, ga kuma wanda aikin ya ƙirƙira wa kansa. Daga ƙarshe ƙasan fosta kan cika da alamomin da babu mai iya tantance su. Saboda haka shirye-shirye da dama a yanzu su ke ba kowane aiki tambarinsa da aka riga aka tsara, wasu har da shafin intanet, kuma ba sa biyan kuɗin zana wani daban. Matakin ya rage wa ayyuka 'yancin fito da kamanninsu, amma yana da ma'ana, domin tambarin aikin shekara uku yakan mutu ne tare da aikin.

Shirin bai tsaya a nahiyar Turai ba. Reshensa da ya haɗa tsibiran Madeira da Azores da Canary yana aiki da ƙasashen Afirka irin su Senegal da Mauritaniya da Cape Verde da Ghana. Nijeriya ba ta cikin Interreg. Ayyukan Tarayyar a nan suna bin ƙa'idojin hulɗarta da ƙasashen waje, waɗanda aka sabunta a 2022, kuma ofishin jakadancinta da ke Abuja, mai kula da Nijeriya da ECOWAS, shi ke sa ido a kansu. Tambarin da jimlar ba su canja ba, ana kuma iya fassara jimlar zuwa harshen mutanen wurin, don haka babu abin da ya hana a rubuta ta da Hausa a jikin allo. Babban sauyin da aka samu a 2022 shi ne, an daina buƙatar kowane aiki ya ware kasafin yaɗa labarai na kansa. An tattara wannan nauyi a hannun ofisoshin jakadanci, an bar wa masu aiwatarwa wajibcin nuna tambari da ambaton mai tallafi. Rahoto ko fim da aka fitar da kuɗin aikin kuma sai ya ɗauki sanarwar cewa ra'ayoyin da ke ciki na masu shi ne, ba lallai su zama matsayin Tarayyar ba.

Akwai inda ake ɗage sharaɗin gaba ɗaya. A wuraren da tuta a jikin mota ko rigar ma'aikaci za ta iya jefa rayuwa cikin haɗari, ana ba da izinin ɓoye alamar, amma da amincewar Tarayyar tun kafin a fara, ba da ra'ayin ƙungiyar kaɗai ba. Wannan sassauci yana da nauyi a wurare irin arewa maso gabashin Nijeriya, inda 'yan bindiga suka sha kai wa ma'aikatan agaji hari.

Ba Tarayyar Turai ce ta fara wannan al'ada ba. Kayan da Amurka ta aika Turai ƙarƙashin shirin Marshall daga 1948 suna ɗauke da alamar da ke nuna asalinsu, kuma dokar tallafin ƙasashen waje ta 1961 ta wajabta a bayyana irin wannan taimako a matsayin na Amurka. Daga nan ne aka samo tambarin USAID mai hannaye biyu suna musafaha, wanda aka daɗe ana gani a jikin buhunan abinci da gidajen sauro, har zuwa lokacin da aka rushe hukumar a 2025 aka miƙa ragowar ayyukanta ga ma'aikatar harkokin wajen ƙasar. Birtaniya ma ta fito da nata tambarin mai ɗauke da tutarta a 2012.

Ga ƙungiya ko hukumar da ta karɓi tallafi, abin da masu binciken kuɗi ke nema shi ne shaida: hoton allon a inda aka kafa shi, kwafin fosta da takardun taro, da hoton shafin intanet mai nuna kwanan wata. Kayan yaɗa labaran da aka samar da kuɗin aikin kuwa, Tarayyar na da izinin sake amfani da su ba tare da biyan ko kwabo ba, abin da ya sa ya zama dole a samu amincewar mai ɗaukar hoto da ta mutanen da ke cikin hoton kafin a miƙa shi.