Wasiƙun Tomas Platter zuwa ga ɗansa

A watan Oktoba na 1552, wani yaro mai suna Feliks Platter, yana gab da cika shekara 16, ya hau doki daga birnin Bazel na ƙasar Suwis, ya nufi Monpeliye a kudancin Faransa domin karatun likitanci. Shi kaɗai ya rage wa iyayensa, don annoba ta ɗauke yayarsa Ursula a 1551.

Mahaifinsa Tomas ya san ɗacin neman ilimi. Da kiwon awaki ya soma rayuwa cikin duwatsu, ya yi yawon bara a garuruwan Jamus, ya koyi tufkar igiya yana nazarin Girkanci da Ibrananci, har ya zama mai buga littattafai, daga bisani shugaban makarantar Latin ta Bazel. Sai dai bashin gidaje da gonar da ya saya ya yi masa katutu. Don haka aka yi musanya: Feliks ya sauka gidan wani mai harhaɗa magani, Loran Katalan, shi kuma Katalan ya aiko nasa ɗan gidan Tomas.

Fiye da shekara 4 wasiƙa ce ta haɗa uba da ɗa. Fatake da matafiya ke ɗauke da ita, takan yi makonni bisa hanya. Cikin Jamusanci gauraye da Latin, Tomas yana jan kunnen yaron: ya ji tsoron Allah, ya riƙe aƙidar gidansu ta Furotesta a ƙasar ƴan Katolika, ya dage da karatu, domin likitoci sun yi yawa a Bazel, sai wanda ya fi ƙwarewa zai ci abinci. Yana ba shi labarin waɗanda suka rasu, yana tuna masa da bashi. Har zancen auren Madlen Yekelman, ɗiyar wani mai aikin fiɗa, ta wasiƙa aka ƙulla shi.

Feliks ya komo gida a 1557, ya samu digirin likita, ya auri Madlen. A 1571 aka naɗa shi likitan birni. Wasiƙun uban kuwa an buga su a 1890. Mai karanta su zai ga nasihar ba ta rabuwa da lissafi, lissafin ma ba ya rabuwa da fargaba: mutumin da ya fita daga talauci da ƙyar ya ɗora makomar gidansa duka bisa yaro guda, kuma ba shi da abin riƙe shi sai takarda da tawada.