Daga Ƙofar Mata zuwa Kazablanka: Tafiyar Koci Salisu Yusuf

Mai karatu, ko ka tuna inda ka ke a daren Lahadi, 4 ga Fabrairu, 2018? In kai mutumin Dambatta ne, ko Makoɗa, ko wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Kunchi, ina jin ba za ka manta ba. Kasuwa ta watse, sanyi ya sauko, janareto na ta ruri a bayan gidan kallo. Ba indiya aka saka ba a wannan dare, ba kuma fim ɗin Hausa ba. 'Yan ƙwallon Nijeriya masu wasa a gida ne za su kara da Maroko a wasan ƙarshe na gasar CHAN a birnin Kazablanka. Can a gefen fili, ruwan sama na zuba, ga wani dattijo tsaye wanda duk mai zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san fuskarsa. Salisu Yusuf ke nan. An ci mu 4 da nema, aka tashi kowa ya kama hanyar gida ba mai ce wa wani uffan.

Tarihin wannan mutum na ke so mu bi yau. Na san za ka ce me ya haɗa mujallar fim da littattafai da ƙwallo. To, dubi fostar kowane fim: sunan jarumi ne da manyan baƙaƙe, sai darakta, sai furodusa. Amma wanda ya taɓa kwana a lokeshan ya san akwai wani da ke tashin mutane da asuba, ya bi kan 'yan wasa su haddace magana, ya tuna wace hula jarumi ya sa jiya. Sunansa na wucewa a ƙarshen kaset lokacin da 'yan kallo su ka riga su ka miƙe. A ƙwallo ma akwai irin wannan mutum. Shi ke jera robobi a fili, shi ke riƙe da usur da agogo, shi ke sa yara gudu har sai harshe ya fito, shi ya san wanda cinyarsa ke ciwo ya ke ɓoyewa don kada a ajiye shi. Mafi yawan rayuwar Salisu a ƙungiyar ƙasa a wannan kujera ya yi ta.

Bazazzagi ne. Ya taka leda a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, sannan a farkon shekarun 2000 ya koma horarwa. Ya yi Nasarawa United, ya yi mataimaki a Lobi Stars ta Makurɗi lokacin da ta ɗauki kofin ƙalubale a 2003, ya kuma yi Dolphins ta Fatakwal. Amma Kano ce ta fito da sunansa.

Ka san Kano Pillars a 1990 aka kafa ta, kuma rabon Kano da kofin gasar ƙasa tun 1978, lokacin Raccah Rovers. Shekara 30 cur ana jira. A 2008 Sai Masu Gida su ka ɗauko shi, Kadiri Ikhana na shugabantar benci, Salisu na riƙe da aikin fili. A shekarar da ta biyo baya Pillars ta shiga gasar zakarun Afrika, aka ɗauko wani Bature ɗan Sulobeniya, Ivo Sajh, aka ɗora a sama. Wannan ce shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin: 1-1 a Kano, 2-2 a Alƙahira, ƙwallon waje ta yi aiki. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta taka mata birki. Lura da yadda abin ya fara: akwai na sama, akwai Salisu. Haka zai ci gaba.

A ƙarshen 2010 aka ba Samson Siasia ragamar Super Eagles, Salisu ya zama ɗaya daga mataimakansa. Tafiyar ba ta yi tsawo ba. Ranar 8 ga Oktoba, 2011, Gine ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe a Abuja, aka tashi 2-2, Nijeriya ta rasa gurbin gasar cin kofin Afrika ta 2012. Kafin watan ya ƙare an sallami Siasia, kuma ka san in an sare itace, reshe ba ya zama a sama. Salisu ya koma ƙungiyoyin gida, ya ɗauki kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba a 2013, wannan karon shi ne mai gida.

Bari in ɗan ratse zuwa maƙwabta, domin abin da ya faru a Nijar a daidai wannan lokaci ya na haska labarinmu. A ranar da Nijeriya ta faɗi, a ranar Mena ta samu gurbi a karon farko a tarihinta, a hannun ɗan ƙasa, Harouna Doula. Afrika ta Kudu ma har rawa ta yi a fili ta na zaton ita ta wuce, ashe ba ta karanta doka da kyau ba. Hukumar CAF ta ba Doula lambar gwarzon koci na 2011. Me ya biyo baya? Aka kawo masa Bafaranshe, Rolland Courbis, wai mai ba da shawara, kafin a gama gasar mai ba da shawara ya zama mai ba da umarni. Daga baya a 2012 Nijar ta ɗauki Bajamushe, Gernot Rohr. Riƙe wannan suna.

A 2015 aka sake kiran Salisu, ya taimaka wa Stephen Keshi na 'yan watanni, aka kori Keshi, ya taimaka wa Sunday Oliseh. Oliseh ya ajiye aiki a Fabrairun 2016, Siasia ya dawo riƙon ƙwarya na wasa biyu da Masar, Salisu na nan dai a gefe. Shugabanni na zuwa su na tafiya, shi ya na nan kamar turmi a tsakar gida. Akwai dalili. Sabon koci, musamman wanda ya zo daga waje, bai san wa ke tashe a Aba ko Bauci ko Kano ba, bai san hanyar Maiduguri ba, bai san yaron da ya yi wata uku ba albashi ba. Dole ya nemi wanda ya sani.

Sai a watan Mayun 2016 aka bar masa benci shi kaɗai, na wasannin sada zumunta biyu a Turai. Ya ci Mali 1-0 a garin Ruwan na Faransa, ya ci Lukzambur 3-1 a gidanta. Mutane da yawa su ka ce to ai ga mai aikin nan, a bar masa mana. Wata mai zuwa kuma aka yi rashi biyu a jere: Keshi ya rasu 7 ga Yuni, Shuaibu Amodu ya bi shi bayan kwana 3, manyan kocina biyu na gida da ƙasar ke tinƙaho da su. Hukumar NFF ta yi irin rabon da ta saba. Ta naɗa Salisu "babban koci", ta kuma ce za a ɗora masa "mai ba da shawara". Ta sanar da sunan Paul Le Guen na Faransa, shi kuma ya ce bai yarda da sharuɗɗan ba. A watan Agusta aka kawo Gernot Rohr, wancan dai na Nijar.

Gaskiya ita ce haɗin ya yi kyau. Rukunin da Nijeriya ta faɗa na neman zuwa gasar cin kofin duniya ta 2018 ba na wasa ba ne: Kamaru, Aljeriya, Zambiya. Aka ci Zambiya 2-1 a gidanta, aka ci Aljeriya 3-1, aka lallasa Kamaru mai riƙe da kofin Afrika 4-0 a Uyo. A Oktoban 2017 Nijeriya ta zama ƙasar Afrika ta farko da ta samu tikitin Rasha. A can kuwa, ranar 22 ga Yuni, 2018, Ahmed Musa ya zura wa Aisland ƙwallo biyu. Wanda ya ci ƙwallon tsohon ɗan Pillars ne, mai ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, wanda ke murna a benci kusa da Rohr shi ma tuwon Pillars ya ci. Amma in ka tambayi yaro a gidan kallo wa ya kai mu Rasha, Rohr zai ce maka.

Za ka iya cewa ai haka aikin ya gada, mataimaki ya yi haƙuri lokacinsa zai zo. Akwai misali ma: Jo Bonfrere mataimakin Clemens Westerhof ne, shi ke gudanar da atisaye lokacin da aka ci kofin Afrika a Tunisiya a 1994, daga baya aka ba shi ƙungiyar da ta ci zinare a Atlanta a 1996. To amma Bonfrere ɗan Holan ne kamar maigidansa. Namu mataimakin abin da aka ware masa shi ne 'yan wasan gida, waɗanda ake kira Super Eagles ta biyu, wato ragowar tukunya bayan Turai ta kwashe na sama.

Da wannan ragowar ya je Maroko a Janairun 2018, kuma a nan na ke so mu daɗe, domin nan ne kaɗai za ka ga aikinsa ba inuwar kowa a kai. An fara da canjaras ba ci da Ruwanda, 'yan jarida su ka fara wasa wuƙa. Aka ci Libiya 1-0, aka ci Ikwatoriyal Gine 3-1, Rabi'u Ali na Pillars, wanda Kanawa ke kira Pele, na cikin masu ci. A wasan kwata-fainal Angola na gaba da ci ɗaya har minti 90 ya cika, sai Anthony Okpotu ya farke a lokacin da alƙalin wasa ke duba agogo, aka shiga ƙarin lokaci, Gabriel Okechukwu ya ci ta biyu. Bayan 'yan kwanaki aka haɗu da Sudan: gola Ikechukwu Ezenwa ya ji ciwo aka fitar da shi tun da wuri, aka ba wani ɗan wasanmu jan kati, duk da haka aka riƙe 1-0. Mai karatu, ƙungiyar da za ta farke a minti na casa'in da ɗoriya, ta ƙara minti 30 a kai, sannan ta dawo ta tsare gida da mutum 10, ba sa'a kawai ke ɗauke da ita ba. Akwai numfashi a ƙirjinta, kuma numfashin ba a ranar wasa ake sayensa ba. A sansani ake tara shi, da gudun safe da na yamma, da sanin ranar da za a matsa wa yaro da ranar da za a bar shi ya huta. Kai da ka taɓa yin huɗa ka san bambancin san da aka ciyar tun rani da wanda aka tuna da shi ranar da ruwa ya sauka.

A wasan ƙarshe ƙarfin ya ƙare. Ba gola na farko, an sake ba mu jan kati jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci, ga Maroko a gidanta da Ayoub El Kaabi wanda ya gama gasar da ƙwallo 9. Duk da haka, wannan ne karon farko da Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na CHAN. Keshi ma a 2014 na uku ya zo.

Sai kyamara ta shigo, kuma ku masu kallon fim kun san ƙarfinta. A Satumban 2017, lokacin gasar WAFU a Gana, inda Salisu ya kai wasan ƙarshe Gana ta ci shi 4-1, mutanen ɗan jaridar nan mai rufe fuska, Anas Aremeyaw Anas, su ka je masa a matsayin dillalan 'yan wasa. Su ka yi masa maganar wasu yara biyu da su ke so su ga an tafi da su CHAN, su ka miƙa masa kuɗi, ya karɓa, na'ura na ɗauka a ɓoye. BBC ta nuna hoton a Yulin 2018, makonni kaɗan da dawowa daga Rasha. Dala 1,000 aka ce, wajen naira dubu 360 a canjin lokacin. Salisu ya ce kyauta ya ɗauke ta, kuɗin ma ba su kai haka ba, kuma yaran dama su na cikin waɗanda ya ke sa wa wasa. A watan Satumba kwamitin ɗa'a na NFF, ƙarƙashin Malam Nuhu Ribaɗu, ya dakatar da shi shekara 1, ya ci shi tarar dala 5,000.

Ni dai ra'ayina, hukuncin ya dace. Mu Hausawa mun san kyauta, mun san "ga na goro", amma mun kuma san goron da ake ba mai rabon gado ana tsakiyar rabo. Ka tuna da yaron da ke buga ƙwallo a ƙauyenku. A wannan yanki namu gona ta haɗe da gona har bakin danga, fili sai na makarantar firamare, ko kuma a jira a yi girbi a tuge tushiya a kafa sanduna biyu. Wannan yaro ba shi da dillali, ba shi da dala. Abin da ya ke da shi kawai shi ne zaton cewa in ya iya, wani koci zai gan shi. Ambulan ɗaya a hannun mai zaɓe ta isa ta kashe masa wannan zato, ko da kuwa zaɓen bai canza ba. Abin da ke ba ni takaici ta ɗaya ɓangaren shi ne mutum ya yi shekara da shekaru kyamara na wuce shi ta na neman na kusa da shi, ranar da ta tsaya a kansa sosai ita ce wannan.

Ya gama wa'adinsa, a ƙarshen 2021 NFF ta mayar da shi. Aka sallami Rohr a Disamba, Salisu ya bi Augustine Eguavoen zuwa gasar Afrika a Garwa ta Kamaru, inda aka ci wasa uku na rukuni, Tunisiya ta fitar da mu 1-0. A Maris 2022 Gana ta hana mu zuwa gasar duniya ta Ƙatar da kunnen doki 1-1 a Abuja. A watan Satumba Gana ɗin dai ta sake hana 'yan wasansa na gida zuwa CHAN da bugun fanareti. Sai ka ce da wata a ƙasa tsakaninsa da ƙasar nan.

Kujerar tasa ba ta bar Kano ba. Lokacin da José Peseiro ɗan Fotugal ya kai Super Eagles wasan ƙarshe na kofin Afrika a Abijan a Fabrairun 2024, inda Kwaddibuwa ta yi nasara 2-1, cikin mataimakansa akwai Usman Abdallah, Bakano, wanda ya koyo aikin horarwa a Faransa, ya kuma ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019. In ka sake samun hoton wasan, duba gefen benci za ka gan shi.