Basasar Kano: Darasi Ga Masu Naɗa Shugaba

A shekarar 1893 Allah Ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Bello rasuwa. A wancan zamani ikon naɗa sabon sarki yana hannun Sarkin Musulmi a Sakkwato, shi kuwa Waziri shi ke isar da umarni. Duk da haka, akan saurari manyan gari kafin a yanke hukunci, a kuma ji inda zukatan malamai da attajirai da talakawa suka karkata. Ba ƙuri'a ake jefawa ba, a zaure da masallaci da kasuwa ake tsintar maganar.

Rasuwar ta faru Waziri Buhari yana Kano, ya kuwa fahimci cewa jama'a da yawa suna tare da Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kafe a kan Galadima Tukur ɗan marigayin, saboda jaruntakar da ya nuna a yaƙin Argungu. Aka naɗa Tukur.

Ba a jima ba Yusufu da 'yan uwansa suka fice zuwa Takai, basasa ta ɓarke. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci birnin Kano a wannan shekarar. An kashe Tukur a 1895, bayan an yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Daga ƙarshe dole Sakkwato ta amince da sarautar Aliyu.

Abin lura a nan shi ne, Sarkin Musulmi bai wuce huruminsa ba, kuma Tukur ba rago ba ne. Abin da aka rasa shi ne yardar waɗanda za a mulka.

'Yan uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna, a yau mu ne na nesa masu ikon naɗi. Idan za a ɗauki shugaban gudanarwa na ƙungiya, ko na makaranta ko asibitin da muka gina, hukunci na kwamiti ne. To amma kafin a sa hannu a takarda, a kai masu neman muƙamin gida, su zauna da dattawa da mata da matasa, a ji abin da za a ce bayan sun tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.