Matsayin Mai Sauraro: Daga Tatsuniya Zuwa Tabarau Na Kwamfuta

A ƙasar Hausa labari bai taɓa zama mallakar mai ba da shi kaɗai ba. A garuruwan kudancin Katsina, irin su Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, tsohuwa ba ta fara tatsuniya sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara kuma su amsa "Ta zo mu ji ta." Wannan amsa izini ce. In an iso wurin waƙa su ne 'yan amshi, in kuwa ta tsallake wani wuri da suka sani, nan take za su mayar da ita kan hanya. Watau mai sauraro yana da hannu cikin labarin tun daga farko har ƙurunƙus.

Zuwan majigi ya sauya wannan tsari. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara wannan aiki a Nijeriya yana jami'in kiwon lafiya. Mota takan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa talakawa tsafta da noman zamani, tafinta yana bayani ta lasifika. Fim ɗin Baban Larai, mai kwaɗaitar da manoma, ya yi farin jini ƙwarai. Amma fa hoton majigi ba ya jiran amsar kowa. Jama'a na iya shewa ko tsaki, labarin dai yana nan yadda aka tsara shi a ofis.

Daga 1975 malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, musamman Michael Etherton, suka yi ƙoƙarin mayar wa jama'a bakinsu. An yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka yi na Maska, kusa da Funtuwa, a 1979. Ɗalibai kan shiga ƙauye su ji damuwar mutane, su shirya wasa a kai, sa'an nan a tattauna bayan an gama. Daga baya aka lura cewa har yanzu ɗalibai ne ke riƙe da linzami, saboda haka a Bomo aka bar manoma su shiga fage da kansu, su sauya yadda wasan zai ƙare. Wannan ya yi daidai da koyarwar Augusto Boal na ƙasar Barazil.

A wannan ƙarni kuma sai ga tabarau na kwamfuta, wanda mai sanya shi ke ganin kansa a tsakiyar wurin da labari ke faruwa. A 2019 fim ɗin Joel Kachi Benson, Daughters of Chibok, ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Venice. Yana bin rayuwar wata uwa wadda 'yarta ke cikin 'yan mata 276 da aka sace a 2014. Mai kallo na iya juyawa gabas ko yamma cikin gidanta, ya zaɓi abin da zai duba. Sai dai ba ya iya yi mata jaje ta ji, kuma shi kaɗai ne cikin tabaraunsa, ba abokin amshi.

Bisa ga wannan tarihi, ikon mai sauraro iri uku ne: ikon duba inda ya so, ikon mayar da magana a ji, da ikon sauya ƙarshen labari. Irin wannan fim ya ba da na farko, tatsuniya ta ba da na biyu, wasan Bomo ya kai ga na uku. Ma'aikacin da aka tura yaƙin wayar da kai a karkara, kowace irin na'ura ya riƙe, ya kamata ya san wanne daga cikin ukun ya bar wa manomin da ke zaune gabansa.