Ƙamshin gujiya, ƙamshin gida

Ku tambayi duk ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya daɗe a Libiya ko Aljeriya abin da ke tuna mishi gida. Sau da yawa ba zai ce muku hoto ko waƙa ba, zai ce ƙamshin gujiya cikin kasko, da ƙuli-ƙuli mai zafi da aka tsamo daga mai. To, wannan ƙamshi yana da tarihi.

Tun zamanin Faransawa, gujiya ce kuɗin manomi a yankunanmu, da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. In kaka ta yi, sai a kafa sikeli a kasuwanni, buhuna su taru jibgi-jibgi, motoci su kwashe zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai su Legas. Bayan samun ƴancin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA don ta riƙe cinikin. A lokacin, gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar ke saidawa waje, kuma alhazan Maraɗi da dama nan suka samo jarinsu na farko.

Sai fari ya zo, ya tsananta a 1973 da 1974. Cuta ta bi gonakin da suka rage, manoma suka koma ma hatsi da wake don cikin iyali. Yuraniyom ɗin Arlit ya karɓe matsayin gujiya. Sikeli ya tashi, motocin suka daina zuwa.

Amma ƙamshin bai tashi ba. Wa ya riƙe shi? Iyayenmu mata. Su ne suka ci gaba da suya da daka da matsa cikin gida, suna fidda mai, suna murza tunkuza. Da wannan sana'a aka sai ma da yawa daga cikinmu littafi da takalmin zuwa lakwal. Shi ya sa in mun shaƙe shi, fuskar inna muke gani kafin komai.

Yau man jarka na waje ya cika kasuwa, ya fi araha, mun sani. Sai dai in matan nan suka aje kasko, me jikokinmu za su shaƙa su tuna gida? In mun je cefane, mu riƙa tsayawa wajensu, ko kwalba guda ce.

Ku fa, wane ƙamshi ke maido ku tsakar gidanku?