Fada, Rabaran ko Fasto: Tarihin da Ke Bayan Laƙabin Malamin Coci a Ƙagaggen Labari

A shekarar 1874, a ƙauyen Owston Ferry da ke yankin Lincolnshire a Ingila, 'yar wani mai wa'azi na ɗarikar Metodis ta rasu. Mahaifinta, Henry Keet, ya so a kafa dutse a kan kabarinta, a rubuta cewa 'yar Rabaran Keet ce. Maƙabartar tana hannun Cocin Ingila, malamin da ke riƙe da cocin ƙauyen kuwa ya hana, bisa hujjar cewa laƙabin Rabaran na waɗanda bishop ya naɗa ne kaɗai. Bishop ɗin Lincoln na lokacin, Christopher Wordsworth, ya mara masa baya. Keet ya kai ƙara kotun coci ya faɗi, ya ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa. Sai a 1876 kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya ya yanke hukunci cewa kalmar ta girmamawa ce kawai, babu cocin da ya mallake ta.

Kalmar da aka yi shekara biyu ana shari'a a kanta ta wuce a liƙa wa mutum ita da ka. Marubucin da ya sa malamin Kirista a littafinsa ko fim ɗinsa, da zarar ya ba shi laƙabi, ya riga ya faɗi ɗarikarsa da zamaninsa da matsayinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Bahaushe ya san wannan a fagen sarauta: wanda ya kira Galadima da Waziri ya nuna bai taɓa zama a fada ba.

Laƙabin Fada, wato uba, shi ne wanda aka fi zaton ya daɗe, alhali a harshen Ingilishi bai game dukkan limaman Katolika ba sai a ƙarni na 19. Kafin nan, waɗanda suka shiga ƙungiyoyin zuhudu, irin su Faransiskan, su aka fi kira da shi. Limamin unguwa kuwa ana ce masa “Sir”, shi ya sa a wasannin Shakespeare ake samun Sir Hugh Evans da Sir Nathaniel, dukansu malaman coci, yayin da a *Romeo and Juliet* ɗan zuhudun nan Laurence ne ake kira uba. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba Ingila da Fafaroma a 1534, 'yan Furotesta da yawa suka guji kalmar, suna kafa hujja da ayar Linjilar Matiyu, sura ta 23, wadda ta yi hani ga kiran wani uba a duniya. Limaman Katolika na Ingila da ba na zuhudu ba suka daɗe ana kiransu Mista.

Abu biyu suka sauya haka. Yunwar da ta faɗa wa Ayalan daga 1845 ta koro ɗimbin mabiya Katolika zuwa Ingila da Amurka, suka zo da al'adarsu ta kiran limami Fada. Sannan Henry Manning, wanda ya riƙe kujerar Akbishop na Westminster daga 1865 zuwa 1892, ya ƙarfafa amfani da laƙabin ga dukkan limamansa. Lokacin da G. K. Chesterton ya fito da Fada Brown a 1910, limamin nan mai warware sarƙaƙiyar laifuffuka, sunan kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatu cewa ɗan Katolika ne. Da labarin ya faru shekara ɗari kafin nan, da Mista Brown ya fi dacewa da shi.

A cikin Cocin Ingila ma kalmar ta zama alamar ɓangare. Yunƙurin da ya taso a Oxford a 1833, na maido da wasu al'adun Katolika, ya haifar da limaman Angilika masu son a kira su Fada, yayin da 'yan uwansu masu ra'ayin bishara suka ƙi. Har yau, idan limamin Angilika a labari ya amsa wannan suna, mai karatun da ya san cocin zai gane inda ya karkata.

Marubutan Ingila na dā sun fi kula da laƙabin da ke nuna samu, domin a nan rikicin labari yake. Manoman kowace gunduma suna biyan ushiri ga coci. Wanda ake kira “rector” shi ke karɓar ushirin gaba ɗaya, har da na hatsi. Shi kuwa “vicar”, asalin ma'anarsa wakili, ƙaramin kaso yake samu, babban ya tafi ga wani. A ƙasansu akwai “curate”, mataimakin da aka ɗauka a kan albashin da sau da yawa ba ya kai wa ko'ina. Jane Austen 'yar “rector” ce, ta san bambancin tun daga gida. A *Pride and Prejudice* na 1813, Mista Collins yana da wannan muƙami a Hunsford ta hannun Lady Catherine de Bourgh, kuma nan ne tushen fadancin da yake mata da gadarar da yake neman aure da ita. Anthony Trollope, a jerin littattafansa na Barchester da ya fara a 1855, ya gina labari sukutum a kan tazarar da ke tsakanin Akdikin Grantly mai wadata da Mista Crawley, wanda talauci ya yi wa katutu. Duk da muƙamansu, a baki Mista ko Dakta ake kiran yawancinsu. Rabaran a Ingila ta lokacin kalmar bayan ambulan ce, ana haɗa ta da cikakken suna. A Amurka ne kiran mutum Rabaran kai tsaye ya fi samun gindin zama.

Fasto kuwa daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi. Ta yi ƙarfi a cocin Luther a Jamus da ƙasashen arewacin Turai, daga baya Baftis da cocin Fentikos suka rungume ta, musamman bayan farfaɗowar da ta fara a titin Azusa na Los Angeles a 1906. A Sikotilan, inda cocin Firesbiteriya ya yi watsi da muƙamin bishop, “minister” ake cewa, wato mai hidima. A Masar, Kibɗawa suna kiran limaminsu Abuna, kuma yana iya zama mai iyali, muddin ya yi auren kafin naɗi.

Waɗannan bambance-bambance sun shigo Nijeriya tare da 'yan mishan, manyan marubutan ƙasar kuma sun kiyaye su. A *Things Fall Apart* na 1958, Chinua Achebe ya kira ɗan mishan na farko Mista Brown, magajinsa kuma Rabaran James Smith, kamar yadda ya dace da 'yan Furotesta na Ingila. Chimamanda Adichie, da ta rubuta *Purple Hibiscus* a kan iyalin Katolika a Inugu, ta kawo Fada Benedict da Fada Amadi.

A Arewa, kowace mishan ta bar nata tsarin. Mishan ɗin SIM, wadda mutanenta na farko suka iso a 1893, ita ta haifi cocin ECWA a 1954, inda ma'aikaci kan fara da Fasto, sai an naɗa shi ya zama Rabaran. Mishan ɗin CMS ta su Dakta Walter Miller, wadda ta zauna a Zariya kafin ta koma Wusasa, ta Angilika ce, saboda haka a can ake jin Kanon da Akdikin da Bishop. Limaman Katolika da suka kafa tasha a Shendam a 1907 su suka kawo Fada, wanda a rubuce ake cika shi da Rabaran Fada. Haka aka san Matthew Hassan Kukah kafin ya zama Bishop na Sakkwato a 2011. A ƙauyuka kuwa, yawancin aikin yana hannun katikis da mai bishara, waɗanda ba a naɗa su limamai ba, jama'a kuma kan kira su Malam.

Saboda haka marubuci yana da tambaya uku kafin ya raɗa wa mutuminsa laƙabi: wane coci, wace shekara, kuma wa ke magana. Amsar ta farko tana hana kurakurai masu nauyi. Fada na Katolika a Kaduna ba ya aure, don haka labarin da ya kawo matar Fada da 'ya'yansa ya rushe tun daga shafin farko, alhali matar Fasto, wadda ake kira Mama, ginshiƙi ce a rayuwar majami'a. Amsar ta biyu tana tsare zamani: Cocin Ingila bai naɗa mata limamai ba sai a 1994, Katolika kuwa ba ta naɗa su. Amsar ta uku tana gyara hira. Takardar gayyata za ta rubuta cikakken laƙabi, matashin coci zai ce Baba Rabaran, abokin ƙuruciya kuma zai kira sunan yanka.

Masu karanta Hausa sun haɗa da Kiristocin Wusasa da Jos da Kafanchan da Maraɗi, waɗanda da wannan harshe suke addu'a da waƙa, suna da cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinsa tun 1932. Su ne za su fara lura idan aka sa Fasto ya jagoranci hadayar Mas, ko aka kira malamin ECWA Fada. Maganin kuwa yana kusa: allon da ke ƙofar coci yakan ɗauki sunan mai jagorantarsa da laƙabinsa, kuma kowane mamba zai iya faɗin yadda ake gaishe shi.