Amoy Gardens: Yadda iskar da aka fitar ke komawa cikin dogayen benaye

A watan Maris na 2003, cutar numfashi ta SARS ta ɓulla a rukunin gidajen Amoy Gardens da ke yankin Kowloon na Hong Kong, ta kama mutum sama da 300, 42 daga cikinsu suka rasu. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ba su taɓa haɗuwa da juna ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari kuwa mazauna bene guda ne mai hawa 33, wanda ake kira rukunin E.

Bincike ya gano wani baƙo mai ɗauke da cutar, wanda ya ziyarci ɗan'uwansa a benen, ya yi amfani da bayan gida yana fama da gudawa. Magudanar ruwan da ke daɓen kowane banɗaki tana da lanƙwasa mai siffar harafin U, inda ruwa kan kwanta ya toshe hanyar wari da ƙwayoyin cuta. To amma mazauna sun saba goge daɓe da tsumma maimakon kwara ruwa, don haka lanƙwasar ta bushe a gidaje da dama. Da zarar an rufe ƙofa an kunna fankar fitar da iska, sai ta zuƙo feshin ƙazanta daga babban bututun bahaya, ta hura shi cikin siririn lungun da ke tsakanin gidaje, inda tagogi ke fuskantar juna. Iska mai ɗumi sama take yi. Haka ta riƙa hawa lungun kamar hayaƙi a bututu tana kutsawa ta tagogin hawa na sama, iskar waje kuma ta kwashi saura zuwa benayen da ke maƙwabtaka. Nazarin da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2004 ya ƙarfafa wannan bayani. A ƙarshen Maris gwamnati ta killace benen, sannan ta kwashe mazaunansa zuwa sansanonin keɓewa.

Maganin matsalar ba boyayye ba ne, sai dai masu gini kan yi masa rowar kuɗi. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta tanadi tazarar aƙalla mita 3 tsakanin mashigar iska da mafitar iskar banɗaki, mita 7.5 kuma daga mafitar hasumiyar sanyaya ruwa. Tazara kaɗai ba ta wadatarwa: ana so a kai bututun fitarwa can saman rufi, ya harba iskar sama da ƙarfi, a kuma lura da inda iska ta fi kaɗawa, domin a gefen ginin da ke bayan iska hayaƙi kan yi ta kewaya ya lafe a jikin bango. Wannan ne ma ya sa janareta da aka ajiye a lungu ko ƙarƙashin taga ke halaka iyalai cikin barci a biranen Najeriya.

A nasu ɓangaren, hukumomin Hong Kong har yau suna shawartar mazauna da su zuba kimanin rabin lita na ruwa a kowace magudana sau ɗaya a mako.